Hanyar Samun Daraja Ta Ɗaya Ba Tare Da Ka Warkar Da Kowa Ba

Kai mai ɗan asibitin kuɗi, wanda ya ji ƙishin-ƙishin cewa masu dubawa daga Bauchi suna tafe, kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Tun da aka fito da tsarin nan na zagayawa ana ba asibitoci daraja, ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku, wanda ya kasa kuma a garƙame masa ƙofa da kwaɗo, nake sana'ar gyara wuri kafin zuwan baƙi, daga Azare har Yana da Dambam, kuma ba a taɓa rufe inda na sa hannu ba. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin daraja ta ɗaya da takarda mai hatimi wadda za ka rataya inda kowa zai gani. Ban ce za ka warkar da kowa ba. Wannan wani fanni ne daban, ni kuwa ban karance shi ba.

Zan riƙa kawo maka misali da asibitin Likita Babayo da ke bayan tashar mota a Azare, don shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Likita Babayo likita ne na gaske, ya yi karatu, yana da takardu. Lokaci ne kawai ba shi da shi, saboda kwangilar takin zamani ta cinye masa yini, sai da yamma yake leƙowa ya tambayi nas ɗinsa, Sista Roda, ko akwai wanda ya mutu. Sa'ad da labarin dubawa ya iso, mutum ɗaya ce kwance a asibitin: Fatu, matar wani manomi daga Chinade mai suna Jalo. Kututturen kara ta taka a gona, ciwon ya ƙi warkewa, ƙafar dama ta kumbura ta fara baƙi daga yatsu. Sista Roda ta sha gaya wa Likita cewa ƙafar nan ta fi ƙarfin bandeji, a tura su babban asibiti. Shi kuma ya ce bai buɗe wuri don ya riƙa yi wa wasu tallar marasa lafiya ba. Riƙe sunan Fatu da kyau, domin kowane asibiti yana da irinta, kuma ita ce za ta iya ja maka kwaɗo.

Mataki na ɗaya: Ka san ranar ziyarar ba-zata

Hukuma ba ta faɗin ranar zuwa, don a same ka yadda kake. Tunani ne mai kyau, direban motarsu ma ya yarda da shi, sai dai shi mutum ne mai zumunci, ba ya son faɗo wa mutane ba sallama. Nemi wanda ya san shi. Kada ka ba shi abin da zai yi kama da cin hanci, ka ji tsoron Allah. Ka dai tuna cewa iyalinsa a Bauchi suna son man shanun Katagum, kuma kwalba ba ta cika mota.

Da ka sami ranar, kama bakinka. A nan Likita Babayo ya yi sakaci, ya yi zancen a baranda, alhali Jalo yana zaune a tabarma yana fifita wa matarsa kunu. Mutumin nan ya miƙe zumbur kamar an yi masa albishir ɗin haihuwa.

"Ranka ya daɗe, da gaske manyan likitoci za su zo daga Bauchi? Har nan?"

"Har nan," in ji Likita.

"Alhamdu lillahi! To ai ƙafar Fatu ta sami masu gani. Ba raina aikinka na yi ba, Likita, Allah ya sani. Amma in manya suka taru a kanta, ai ba za a rasa dabara ba."

Ka ga irin fitinar da sakin baki ke jawowa. Shi a ganinsa masu duba asibiti marasa lafiya suke zuwa dubawa. Kada ka yi masa dariya, mutanen karkara da yawa haka suka ɗauka. A ranar ya aika gida aka kawo masa rigarsa ta salla, ya kai aka goge, ya rataye ta a jikin ƙusa yana jiran manya.

Mataki na biyu: Fara da hanci, sannan ido

Mai dubawa da hanci yake shigowa kafin ƙafa. Sayi aizal, maganin nan na wanke ɗaki mai ƙarfin wari, ka zuba shi ba tausayi, a daɓe, a baranda, a bakin kwata, har a jikin labule. Ka zuba har sai mai wucewa a titi ya yi atishawa. Mutum in ya shaƙi wannan wari, tun bai ga komai ba zuciyarsa ta riga ta gaya masa akwai tsabta.

Sannan farar ƙasa. Kada ka ɓata ta a bango duka. Bincikena ya nuna cewa babban ma'aikaci ba ya duban abin da ya wuce hularsa, saboda wuya, ba ya kuma duban abin da ke ƙasa da gwiwarsa, saboda ƙugu. Shafa tsakanin nan, sauran ka bar wa gizo-gizo, shi ma yana da iyali. Duwatsun bakin ƙofa kuwa a shafe su fari tas. Ban san abin da farin dutse ke warkarwa ba, amma ban taɓa ganin an rufe asibitin da ke da shi ba.

Mun zuba aizal a asibitin Likita Babayo har idanunmu suka yi ja. Da muka koma ɗakin da Fatu take, sai muka tarar warin ƙafar ya ture shi ya zauna abinsa. Nan na san aikin ba na buroshi ba ne kaɗai.

Mataki na uku: Ari abin da ba ka da shi

Za su nemi firjin ajiye magani, da tukunyar dafa allurai, da madubin duba jini. Kada ka saya. Kayan nan a shekara sau ɗaya ake bukatarsu, hauka ne mutum ya ajiye nasa na kansa.

Masu ƙananan asibitoci a gari suna da haɗin kai abin sha'awa. Madubin nan guda ne, tukunyar ma guda ce, sukan bi gari a amalanke, lulluɓe da tabarma, suna gaba masu dubawa suna biye. Aikinka kawai ka tsayar da baƙi da gaisuwa a bakin ƙofar gaba har a gama shigo da kaya ta baya. Firji kuwa wurin mai sayar da lemon kwalba a tasha ake aro. Ka tabbata an kwashe lemon, an goge ciki, kada a buɗe a gaban manya ƙullin furar wani ya mirgino. Kada kuma ka damu da rashin wuta. Ba wanda ya taɓa tambaya ko firjin yana sanyi, abin da ake so a sani shi ne ko akwai shi.

Wani mai dubawa ya taɓa shafa murfinsa ya ce, "Kai, firjin nan da ƙwazo yake, ɗazu na bar shi a wancan asibitin, har ya riga ni zuwa." Aka yi dariya, aka wuce. In ka haɗu da mai irin wannan barkwanci, ka fi kowa dariya.

Mataki na huɗu: Kawar da marasa lafiya na gaske

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, in ka yi sanyin jiki a nan, gara ka sayi kwaɗon da kanka. Ba abin da ke ɓata sunan asibiti kamar mara lafiya. Yana nishi, yana wari, yana rama, ga danginsa da kwanuka da buta. Mai dubawa in ya ga mutum kwance cikin wahala, sai ya fara tambayoyi: tun yaushe, me aka ba shi, me ya sa ba a tura shi gaba ba. Ko ɗaya a ciki ba ka da amsarta.

Saboda haka nemi maƙwabciya mai kirki wadda ba ta da yawan tambaya. Mu Hajiya Zainabu muka samu, gidanta na jikin katangar baya, tana da ɗakin da take ajiye buhunan gyaɗa. Da hantsi, ranar da baƙi za su zo, muka ce wa Jalo za a yi feshin maganin sauro, mai ciwo ba ya son warinsa. Shi da kansa ya kama gefe ɗaya na tabarmar, yana ta godiya da aka damu da lafiyar matarsa haka. Fatu dai ta ciji gefen mayafinta lokacin da ƙafar ta bugi dokin ƙofa.

Sista Roda ta tsaya a bakin ɗakin gyaɗar ta ce, "Likita, wannan fa ba daidai ba ne. Ko don Allah ka bari mutumin Bauchin nan ya ga ƙafar."

"Sista, in aka rufe wurin nan, a ina za ki kama aiki? 'Ya'yanki aizal za su ci?"

Ta juya ta koma bakin aikinta. Koyi wannan tambaya, tana aiki a kan kowane ma'aikaci mai iyali.

Saura mijin. Kada ka kore shi, zai yi zargi. Ba shi benci a gindin darbejiya, nesa da ƙofa, inda zai ga motar amma ba zai ji magana ba. Jalo ya sa rigarsa ta salla, ya gyara hula, ya tambayi Likita Babayo:

"Ranka ya daɗe, manyan za su zaga har can gidan Hajiya su duba ta ko?"

"In sun gama da na ciki. Kai dai zauna nan, kada ka katse wa manya aiki. Ni zan kira ka."

"To, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

Ya zauna ya haɗa hannuwa a kan gwiwa, ko ruwa bai tashi sha ba don kada a kira ba ya nan.

Mataki na biyar: Cika gado da marasa lafiya masu lafiya

Asibiti ba kowa a gado shi ma abin zargi ne. Ana bukatar majinyaci, amma irin wanda ya riga ya warke, don shi ne shaidar ƙwarewarka. Nemo mutum mai ƙiba, mai sheƙin fata, wanda ko an auna shi ta ina ba za a sami komai ba. Koya masa jimla guda: zazzaɓi ne ya kawo shi, amma tun da ya shigo nan ya gudu. Nishi kuma a yi shi da tsari, kada ya yi yawa a ce ba ka iya magani ba, kada ya yi kaɗan a ce me yake yi a gado.

Likita Babayo ya kawo ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Umara, dillalin shanu, shi ma mutumin Chinade. Shi ne ma ya turo su Jalo asibitin tun farko, yana cewa ɗan 'yar'uwarsa ko gawa aka kai masa sai ta yi motsi. Kawu ya yarda bisa sharaɗin a kawo masa shayi mai kauri da burodi da ƙwai. Muka canza zanen gadon Fatu, muka kwantar da shi a kai, muka rataya kwalbar ƙarin ruwa, muka manna robar a hannunsa da filasta ba allura. Ya yi kyau ƙwarai, ni kaina sai da na yi masa sannu.

Amma ga gargaɗi, ka rubuta shi a bango: kada ka ɗauko mai dangi. Nemi baƙo, ko mutumin da ya ɓata da kowa. Kawu Umara kuwa rabin Chinade danginsa ne, sauran rabin surukansa. Wani mai babur da ya kawo fasinja tasha ya leƙo ta taga, ya ga Kawu kwance da robar ƙarin ruwa, bai tsaya tambaya ba ya juya kan babur.

Mataki na shida: Cinye musu lokaci

Masu dubawa iri biyu ne. Akwai mai son kaji, wannan ba ya bukatar bayani. Akwai kuma mutumin kirki, shi ne hatsari. Shugaban waɗanda suka zo mana, Likita Isaiah, wani dogo mai tabarau daga wajen Tafawa Ɓalewa, irin na biyun ne. Ba ya karɓar ko ƙwai, kuma yana da mugun hali na ɗaga zane ya taɓa majinyaci da hannunsa.

Irin wannan ba a sayensa, lokacinsa ake cinyewa. Tuna cewa daga Azare zuwa Bauchi tafiya ce, direba kuma ba ya son magariba ta same shi a hanya. Saboda haka a yi gaisuwa mai tsawo. A gabatar da kowa, har mai gadi da wanda ya shafa farar ƙasa. Gayyato mai unguwa ya yi jawabin maraba, ka zaɓi wanda in ya fara tarihin unguwa sai ya taɓo kakanni. A yi addu'a ta Musulmi, a yi ta Kirista, don adalci. A kawo ruwa, a kawo lemo, a nuna musu firji, a sake nuna musu shi ta ɗaya gefen.

Kafin Likita Isaiah ya kai gadon Kawu, ya duba agogonsa ya fi a ƙirga. Ya auna Kawu, ya saurari ƙirjinsa, ya ja fatar idonsa, ya ce lallai zazzaɓin nan ya gudu da nisa. Kawu ya yi nishinsa guda mai tsari. Komai yana tafiya kamar yadda na tsara, sai muka ji tsayuwar mota a waje da salatin mata.

Mataki na bakwai: In 'yan dubiya sun auko, kada ka gudu

A-kori-kura guda cike, da babura a baya, Chinade ta zo dubiya. Mata da kwanuka da ƙorai, maza da kaji a rataye, wani tsoho da ruwan rubutu a gora. A gabansu Inna Halimatu, yayar Kawu, ta ture mai gadi ta shigo tana tafa hannu.

"Umara! Ashe haka ka kwanta ba wanda ya sani? Sai a bakin mai babur za mu ji? Wayyo, ku dubi yadda ya rame!"

Kawu, wanda gadon ke kuka a ƙarƙashinsa, ya ce, "Yaya, ba wani abu ba ne fa..."

"Rufe mini baki! Haka marigayi Baffa ya ce ba wani abu ba ne. Tashi ka sha kunun nan."

Ya sha na tsamiya, ya sha na gyaɗa, ya sha rubutu, duk a kan shayi da ƙwai. Aka kewaye shi da addu'a, masu kuka suna yi, har jikinsa ya yi sanyi da gaske, ya fara neman gafarar waɗanda ya taɓa yi wa ƙwange a cinikin shanu. Likita Babayo ya jiƙe da gumi, ya raɗa mini cewa mun mutu.

Ba mu mutu ba. Ga darasin: taro shaida ne. Na matsa kusa da Likita Isaiah na ce masa haka jama'a suke da wurin nan, ko ciwon kai mutum ya yi, garinsu duka sai ya biyo shi don yarda da asibitin. Ya gyaɗa kai, ya ce lallai ya ga alama.

Sai dai 'yan dubiya suna da wata al'ada da na manta da ita. Ba sa duba nasu kaɗai su tafi, sai sun bi duk wani ɗan garinsu da ke kwance sun yi masa sannu. Inna Halimatu ta share hawaye, ta waiga hagu da dama, ta ɗaga murya yadda har tasha za a ji:

"To ina Fatun Jalo? An ce nan take kwance. Uwarta ta ba mu fura mu kawo mata."

Wata ta hango Jalo a gindin darbejiya, suka fita suka tambaye shi, ya nuna musu gidan Hajiya Zainabu. Lokacin da muka rako baƙi bakin mota, ga jerin mata da ƙorai a ka suna shiga gidan maƙwabta. Likita Isaiah ya tsaya, hannunsa a kan murfin mota.

"Wace ce Fatu?" ya tambaya.

Mataki na takwas: Bar tarbiyya ta yi maka aiki

A nan ake gane gwani. Kada ka ce babu wata Fatu, an riga an ji sunanta. Kada ka ɓoye mijin, ɓoyewa ke jawo bincike. Kira shi da kanka.

Na taɓa Likita Babayo, ya gane. Ya ce, "Wata majinyaciyarmu ce, ranka ya daɗe. Ta samu sauƙi mun sallame ta, tana hutawa a gidan maƙwabta kafin su sami mota. Ga ma maigidanta can. Malam Jalo, bismilla!"

Sista Roda ta buɗe baki. Na miƙa mata tiren kofuna ta riƙe, ma'aikaci in hannunsa ya cika yakan manta abin da zai faɗa.

Kana mamakin ƙarfin halin? Ba ƙarfin hali ba ne, sanin mutane ne. A ƙasar nan ba a taɓa tambayar mutum jiki ya ce ya yi tsanani ba. Wanda za a yi wa sutura da la'asar, in ka gaishe shi da safe, sauƙi zai ce maka. Gaisuwa ce, kuma mai tarbiyya ba ya zuba kukansa a cikin gaisuwa, balle a gaban babban baƙo, balle a kan jikin matarsa, ga maza tsaye, ga likitan da ya karɓe su yana kallo. Sai an gama gaisuwa tsaf, an ɗan yi shiru, sannan ya sunkuyar da kai ya ce "dama", daga nan gaskiya take fitowa. Duk nasararka tana cikin ɗan shirun nan. Ka tabbata direba ya riga ya ta da mota.

Jalo ya taso da sauri, rigar salla tana ƙara saboda guga, ya tsuguna a gaban Likita Isaiah.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Yaya hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Tashi mana."

"Nan ma ya isa, ranka ya daɗe. Yaya gajiya? Yaya aka baro mutanen Bauchi?"

"Duk lafiya. Kai ne maigidan? Yaya mai jiki?"

Na dubi Jalo. Tun ranar da ya ji labarin zuwan manya yake shirya maganar nan, na sha jin sa a baranda yana maimaita ta shi kaɗai: yadda ta taka karan, yadda baƙin ya fara daga babban yatsa, yadda ba ta barci. Duk tana bakinsa. Amma tambayar da aka yi masa amsarta guda ce, tun yana yaro aka koya masa ita.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

Kada ka ɗauka Likita Isaiah bai san al'ada ba, a cikinta ya girma. Da a wata rana ce, da ya tsaya ya jira abin da zai biyo baya, na ma ga ya ɗan yi jim yana duban mutumin. Sai na ɗaga wa direba gira, ya danna ham, abokan tafiyarsa suka ce rana ta yi. Ya duba agogo.

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi, Malam. A gaishe ta."

"Amin, ranka ya daɗe. Za ta ji."

Murfin mota ya rufe. Jalo ya gyara tsugunno, ya sunkuyar da kai yadda ya kamata, ya ce, "Dama, ranka ya daɗe, ƙafar ce..." Da ya ɗago, motar ta kai kwanar tasha. Ya miƙe ya bi ta da ɗan gudu, hannu a sama, sannan ya tuna babba ne shi a cikin rigar salla, ga mutanen garinsu suna kallo, ya tsaya. Ya juyo ya dubi Likita Babayo ya ce, "Za su dawo ko, ranka ya daɗe?" Likita ya ce in sha Allahu.

Ban ji daɗin ganin fuskarsa ba, har abinci ya ƙi shiga mini a ranar. Shi ya sa nake ba ka shawara, a daidai wannan wuri ka sami abin da za ka duba a ƙasa.

Mataki na tara: Mai da kayan aro, ka sayi firam

Kada ka tsaya murna, amalanke yana jira, akwai wani asibitin a gaba. A mai da firji tasha kafin lemon mutane ya yi zafi. A tashi majinyacin aro daga gado, wanda ba ƙaramin aiki ba ne: Kawu Umara ya ƙi sauka, ya ce tun da yake ba a taɓa nuna masa ƙauna irin ta yau ba, kuma yanzu da gaske cikinsa ke ciwo. Sai da aka yi masa allura ta gaske sannan ya yarda ya warke. Aka kinkimo Fatu daga cikin buhunan gyaɗa aka mai da ita gadonta.

Takarda ta iso bayan 'yan makonni, daraja ta ɗaya, har da yabo a kan tsabta da amincewar jama'a. Sa ta a firam mai gilashi, ka rataya ta daidai tsayin ido, a inda farar ƙasa ta kai.

Majinyacin gaske kuwa, in abin ya ƙi, sallame shi da wuri ya tafi babban asibiti, don duk abin da zai faru ya faru a can, ba a ƙarƙashin takardarka ba. Haka aka yi da Fatu, bayan baƙin ya wuce idon sawu. Can suka yi ta faɗa, wai ina aka ajiye ta tun tuni. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Sista Roda ta bar aiki a watan, ba ta ko yi mini sallama ba, ka ga halin mutane.

A kula

Mai wannan rubutu shawara kawai ya bayar, bai riƙe hannun kowa ba. Ni ban taɓa duba mara lafiya ba, ban rubuta magani ba, ban kuma yi wa kowa ƙarya a kan jikin matarsa ba, da bakinsa ya ce da sauƙi a gaban shaidu. Duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, na kumburi ko na yanka ko na makoki, tsakaninka ne da Mahaliccinka, kada a zo ƙofar gidana, kada a tare ni a hanya, kada kuma a nuna ni da baki a kasuwa.

Na ambaci kasuwa ne saboda ana gab da salla na hangi Jalo a rumfar mai takalman mata, suna ja-in-ja. Shi yana so a sayar masa ƙafa ɗaya, mai rumfa yana cewa tun da yake bai taɓa raba takalmi ba, wa zai sayi ragowar? Jalo bai yi masa bayani ba. Ya zaɓi wani ja mai ɗan ado, ya biya na duka biyun, ya sa na hagun a aljihu, ya ajiye na daman a kan tebur ya tafi. Mai rumfa yana ta kira, Malam ka yi mantuwa, bai waiwayo ba. Ni dai na shige bayan masu atamfa har ya wuce, don ba na son doguwar gaisuwa.

Takalmin yana nan rataye a rumfar, mai ita ya rasa yadda zai yi da shi. Na ce masa ya ƙara haƙuri, kada ya yar. In kuka bi matakan nan yadda na koya muku, ba zai daɗe bai sami mai shi ba.